Ni Na Zaɓa wa Goggo Manhaja

Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon Baba Arzika da ke bayan tashar Anka ya san ƙa'idar safiya. Baba ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya gaida Goggo. Zai buɗe ƙofa, ya cire takalmi, ya yaye tsohon zanen Inna da yake lulluɓe ta da shi, ya ɗan rusuna ya ce, "Goggo, an tashi lahiya? Ya gajiyar jiya?" Daga nan ya tayar da ɗan janaretansa, ya danna mata maɓalli, ya zaro carbi ya shiga istigfari har allonta ya haskaka. Sai an gama wannan kafin ɗan Adam ya samu nasa rabon.

Ga wanda bai sani ba, Goggo kwamfuta ce. Farar akwati ce da tsufa ya mayar ruwan ƙasa, da allo mai ƙatuwar ƙeya. Baba ya saye ta a gwanjon wani ofis a Gusau bayan ya yi ritaya daga aikin buga tafireta, kuma ko a lokacin ta manyanta. Da ita yake buga wa jama'a wasiƙu, da takardun cinikin gona, da tambayoyin jarrabawa na makarantu.

Ni ne Lawali, ɗansa na fari, kuma digirina a kan ilimin kwamfuta yake. Kun san al'adarmu: uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya sakin fuska da shi a gaban mutane. Wasu iyayen sun sassauta. Baba kuwa ya riƙe abin tamkar shi aka bar wa amanarsa. Shekara ashirin da bakwai na yi tare da shi, sunana a bakinsa "wani", ko "wancan", in ya ji daɗi ƙwarai kuma "mutumin ga". In yana da magana da ni, Goggo yake faɗa wa, ni kuma in tsinta. Akwatin ƙarfe tana da suna, ana tambayar ta gajiya. Ni ina tsaye a gefe da takardar shaidar jami'a, ina jira ko sau ɗaya a nuna cewa an san na iya wani abu.

Dalilin wannan rubutu shi ne, tun zaman makokin Baba nake jin ana maimaita cewa Mamman Rediyo na Gummi ne ya ceci Goggo lokacin da ta kusa mutuwa. Ina so a gyara wannan labari. Zan faɗi abin da na gani, inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba. Maganar Baba zan rubuta ta yadda yake yin ta. Tawa kuma da Hausar makaranta, wadda yake kira Hausar rediyo.

Sai na fara da yadda yake bugu, domin a san irin mutumin da nake fama da shi. Shekara talatin ya yi yana cilla hannun hagu ya kamo ƙarfen tafireta duk lokacin da layi ya ƙare. Tafireta ta tafi, hannu bai samu labari ba. Wata rana Hedimasta Sambo, wanda yake zuwa daga Bukkuyum a kan babur da tambayoyin jarrabawa, ya zauna a hagunsa yana karanta masa. Layi na ƙarewa, hannun Baba ya tashi ya kwashe hular Hedimasta, ta yi waje har bakin kwata.

"Malam Arzika, mi niy yi maka?"

Baba bai ko waiga ba. "Layi yaƙ ƙare, Hedimasta. Kai kaz zamna wurin ƙarhe."

Bayan an ɗauko hula, na matso cikin ladabi na bayyana cewa kwamfuta da kanta take sauka layi na gaba, ba a bukatar taimakon hannu. Baba ya dubi allo ya ce, "Goggo, kin ji wani shina koya min bugu. Ina bugu tun shina cikin zanen goyo." Maimakon a gyara hannu, kujerar baƙi aka mayar dama, kuma a can take har yau.

Tattalinsa ma haka yake. In zai yi tunanin jimla, sai ya kashe allo, wai haske ba banza ba ne, kada ya ƙare mata. Na taɓa kawo shawarar a sayar da ita a nemi sabuwa. Ya shafa mata kai, ya ce, "Kar ki ji komi. Abin da bai mutu ba, ba a raba gadonai."

To, a shekarar da na dawo daga hidimar ƙasa, Goggo ta kamu da ciwo. Baba ba ya auna ta da agogo, da carbi yake auna ta. Da lafiyarta, istigfari saba'in yake yi kafin ta gama tashi. Sai ta koma ɗari da hamsin, ta koma carbi uku cur. Janareta yana shan mai, masu takardu suna hamma a kan benci. Ni na san musabbabin. Mutane suna kawo filofi da filash, 'yan ma'ajiyar takardun kwamfuta, daga ko'ina, da su suka ɗebo mata cutar da ake kira bairos, ga babbar manhajarta ta tsufa ta rikice. Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi in an kunna na'ura, ta riƙe ragamar komai, sauran duk a ƙarƙashinta suke aiki. In ta yi wa na'ura nauyi, babu abin da zai yi sauri.

A nan ne na tafka kuskure, kuma zan rubuta shi da hannuna don kada a ce na ɓoye. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Tungar Daji, na ɗauki mabuɗi a wurin Inna. Na kwashe takardun jama'a kaf na adana su, wannan kam na yi daidai. Sannan na ɗora wa Goggo sabuwar manhajar da ake yayi a jami'a, mai launuka da hotuna masu motsi. Na san ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. Na karanta adadin da ake bukata, na ga ba ta kai ba, na ce wa kaina ai da kaɗan ne. So nake ya dawo ya ga allo yana walƙiya, ya tambayi wanda ya yi.

Ya kuwa tambaya. Washegari ya gaishe ta, ya danna, ya ja carbi. Ya zagaye sau ɗaya, sau uku, sau biyar. Hedimasta Sambo yana zaune da tambayoyin aji shida a cinya. Da allon ya buɗe a ƙarshe, Baba ya taɓa linzamin kwamfutar, kibiyar da ke allo ta yi tunani tukuna kafin ta motsa. Ya ajiye carbi a hankali.

"Goggo, wa yay yi miki wanga aiki? Tsohon jaki anka aza ma kayan raƙumi."

Na dubi silin.

Ya sake shafa ta. "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Digiri na."

Hedimasta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yini guda na yi ina mayar da tsohuwar manhaja, da cutarta da komai, shi kuma ya kwana a Anka yana jiran takardunsa. Har yau in mun haɗu da shi, kafin ya gaishe ni sai ya tambayi raƙumi.

Na ƙudurta zan wanke kaina ta hanyar ilimi. Na shiga mota na tafi Sakkwato, na zauna a shagon intanet kwana biyu, layi yana yankewa ina sakewa, har na sauko da ƙananan manhajoji guda uku da masu su suke bayarwa kyauta domin tsofaffin na'urori. Na gwada su a kan wata tsohuwar kwamfuta ta abokina, da agogo a hannu, kowace sau uku. Ta farko ta fi kyan gani amma tana jan ƙafa. Ta biyu ta fi kowace sauri amma ba ta san firintar Baba ba, kuma shagon bugu da ba ya fitar da takarda ai ɗakin hira ne. Ta uku ba ta da ado ko kaɗan, allonta kamar bangon da ba a yi wa shafe ba, amma tana tashi da wuri, tana da wurin rubutu, ta san firinta, kuma cututtukan da ke yawo a filash ɗin mutanenmu ba sa kama ta. Ita na zaɓa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan jimla: ita na zaɓa.

Na sa ta a faifan sidi, na rubuta rahoto mai shafi huɗu, da jadawali, da dalilai, da abin da za a rasa in an sauya. Ba na iya miƙa wa Baba abu hannu da hannu in tsaya bayani, don haka na ajiye su a kan tebur, na ce wa iska, "Ga wata takarda nan, in an samu lokaci."

Ya ce wa allo, "Goggo, an kawo takarda."

Bayan kwana biyu na tarar da shafina na uku a hannun wani mutumin Zugu. An juya bayansa an tsara masa cinikin bijimi. Na karɓa na duba, sai na ga a gaban an zagaye min kalmomi biyu da jan biro. Wato Baba ya karanta. Ɗaya kuskuren bugu ne, na amince. Ɗayar kuma har gobe ina da ja. Faifan kuwa na hango shi a kan kofin shayinsa.

Ban iya yin shiru ba. "Wannan faifan manhaja ne. Tururi zai iya lalata shi."

"Goggo, murhi na mai kyau," in ji Baba. "Santsi garai, ƙuda ba ya iya zama bisa."

Mako uku faifaina yana gadin shayi. Kullum da yamma in ya tafi masallaci sai in ɗauka in goge, in duba ko ya karce, in mayar.

Sai Mamman Rediyo ya zo. Mai gyaran rediyo da kaset ne a Gummi, ya girme ni da 'yan shekaru, karatunsa bai wuce aji uku na firamare ba. Yakan biyo ta Anka in zai je sayen kayan gyara. Adalci ya sa in faɗi cewa mutumin kirki ne, ba shi da girman kai, ba shi da ƙyashi, kuma wannan ne ya fi ci min rai, domin da mugu ne da na samu inda zan kama. In ya yi sallama, fuskar Baba takan buɗe kamar an kunna fitila. "Mamman. Mammanu. Ɗan Gummi, shigo daga ciki." Suna uku a numfashi ɗaya. A aika a sayo masa fura, a tambaye shi Innarsa, a tambaye shi har akuyarsa.

Ranar mun haɗu da shi a tasha kafin ya ƙaraso, na zazzage masa cikina, na gaya masa komai game da faifan. Wannan ma kuskure ne, ko kuma dabara, ban yanke hukunci ba tukuna.

Baba ya kai masa ƙarar ciwon Goggo. Mamman ya durƙusa, ya kara kunne a jikin akwatin kamar mai sauraron cikin saniya, ya hura iska ta baya, ya miƙe.

"Baba, kaya sun yi mata yawa. A rage mata."

"Ka ji magana," in ji Baba. "Gajeruwa, ga ma'ana."

Shafi huɗu na rubuta, da jadawali, ina faɗin wannan.

"To mi za a aza mata, Mammanu?"

"Akwai wata 'yar manhaja marar nauyi." Ya miƙa hannu ya ɗauke faifan daga kan kofi, ya goge shi a gaban rigarsa. "Ga ta nan ma."

Na zuba wa Baba ido. Ya san faifan, ya san wanda ya kawo shi, mako uku yana ɗaga shi yana kurɓar shayi. Ko gira bai ɗaga ba. Ya tashi ya ba Mamman kujerarsa, kujerar da ni ban taɓa zama a kai ba sai a sace, ya koma bakin ƙofa ya ɓare goro.

Matsalar ita ce, manhaja da Turanci take tambaya. Na tsaya a bayan Mamman, yana tambaya ina fassara masa.

"Lawali, mi tac ce?"

"Tana tambaya ko a share abin da ke ciki. Na riga na adana takardu. Danna na farko."

"Yanzu hwa?"

"Tana tambayar irin kibod, wato madannan haruffa. Sauka ƙasa. A'a, ka wuce. Koma sama ɗaya."

"Wagga ta cika tambaya kamar alƙali. Mi kuma tac ce?"

Tambaya ashirin da uku ta yi, na ƙirga, kuma ni na amsa ashirin da ukun. Abin da Mamman ya sa a aikin shi ne ɗan yatsa. A bakin ƙofa kuwa Baba yana tare masu shigowa yana cewa, "Ku dakata, Mamman shina aiki. Hannun yaron ga da albarka."

Aka gama. Baba ya karɓi kujerarsa, ya yi bisimilla, ya danna, ya zaro carbi. Ina kallon yatsunsa ina ƙirgawa a zuci. A ƙwaya ta goma sha tara allo ya buɗe tas, kibiya tana tsalle kamar ɗan akuya. Aka buga layi ɗaya na gwaji, firinta ta fitar. Na gyara tsayuwa, na ce ko ba a kira suna ba, yau dai za a ce "mutumin ga".

Sai na ga fuskar Baba ta ɓaci.

"Goggo, gaggawar mi ta? Wa ka korar ki?"

Mamman ya ce, "Baba, ai sauri munka nema."

"Sauri, ba hauka ba. Saba'in nike samu kullum sahe tun da nis saye ta. Yanzu sha tara. An rage min hamsin da ɗaya, kuma ni ba yaro ba na, ban san ranar tahiya ba. A mayar min da ta da."

Hankalina ya tashi. Kwana biyu a Sakkwato, da gwaji tara, da mako uku a kan kofi, duk za su tafi saboda Goggo ta warke fiye da kima. Na manta da kunya na shiga bayani. Na ce akwai wurin da ake sa na'ura ta jira kafin ta tashi. Abin da ake bukata kawai a auna daƙiƙa nawa istigfari ɗaya yake ɗauka a bakin Baba, a ninka sau hamsin da ɗaya, a shigar da adadin. Na ciro agogo da biro. Na ƙara da cewa sai an auna sau uku a ɗauki matsakaici, saboda saurin baki yana bambanta daga safiya zuwa safiya.

Ina cikin lissafi Mamman ya ɗauki zanen Inna ya yafa wa allon.

"Baba, ka kunna ta ka bar ta cikin mayahi. Ta tashi ta jira ka. In ka cika ɗari, ka yaye."

Baba ya dubi zane, ya dubi Mamman. Murmushi ya fara daga gemu ya hau sama.

"Ɗari? Har da ƙarin talatin." Ya juya wajen akwati. "Goggo, kin ga ilimi? Kuma ba a kai shi jami'a ba."

Na mayar da biro aljihu. Kwana uku na yi ina neman aibin dabarar Mamman, kuma gaskiya ta tilasta min in ce ta fi tawa. Aibi ɗaya tak na samo: irin wannan allo ta ƙeya yake fitar da zafi, in an rufe shi duka yana kunne zai iya ƙonewa. Na faɗa wa iska. Washegari na tarar an naɗe zanen ya rufe fuskar kawai, an bar ƙeya a buɗe. Aka ɗauki shawarata kamar yadda ake ɗaukar ruwan sama, ba a tambayi daga inda ta faɗo ba.

Na kai ƙara wurin Inna. Ita ma ɗan farinta ne ni, don haka ba ni ta amsa wa ba. Tana watsa wa kaji tsaba, ta dubi wata wake-wake ta ce, "Ke kaza, kin taɓa jin inda namiji da gemunai ka kishi da akwatin ƙarhe?"

Na ce ba da akwati kaɗai ba, har da Mamman.

"To, kin ji. Kishiyoyi biyu garai."

Labari ya bazu. Kafin damina ta kama, sunan manhajar ya zama faifan Mamman. Malaman makaranta da masu shagunan bugu daga Bukkuyum da kewaye suka riƙa ɗaure tsofaffin kwamfutoci a bayan babur suna nufar Gummi. Lokacin wayar hannu ta shigo mana, don haka duk sanda aka kai masa aiki sai wayata ta yi ƙara.

"Lawali, mi tac ce?"

"Karanta min haruffan."

Sai ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in ce danna na biyu. Ban taɓa ƙin amsawa ba, ina so a rubuta wannan ma. Mamman kansa yana gaya wa mutane cewa ni na kawo ta, amma suna ɗauka tawali'u ne, sai su ƙara yabonsa. Da na gaji, duk kwafin da na yi masa sai in rubuta sunana da manyan baƙaƙe a kai. Wata rana wani malami ya nuna min nasa, ya ce in kula da jabu, mai kyau ita ce wadda aka rubuta Lawali, wai sunan kamfanin ne a ƙasar Turai.

Sau ɗaya tak na tunkari Baba kai tsaye. Babu kowa a shago. Na tsaya a gaban tebur na ce, "Baba, ni na je Sakkwato. Ni na zaɓo manhajar nan."

Ya daina bugu. Ya daɗe yana kallon allo, har na zaci zai juyo. Sai ya ce a hankali, "Goggo, ana magana da ƙarhi cikin shagon ga." Ya ci gaba da aikinsa, hannun hagu yana tashi yana kamo iska.

Shekara biyu Goggo ta yi a kan wannan manhaja ba ta ko yi tari ba. Baba ne jiki ya ƙi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajarta, aka shimfiɗa masa katifa a zaure don ya riƙa ganin masu dubiya. Wata la'asar zauren ya cika. Mamman ya zo daga Gummi, muka zauna ni da shi a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, saboda babu wuri. Baba ya kwana biyu bai yi doguwar magana ba.

Hedimasta Sambo, wanda ba ya iya riƙe abu a ciki, ya matsa kusa da katifa.

"Malam Arzika, Allah shi ba ka lahiya. Amma jarrabawa ta matso. Goggo hwa? Wa za ya riƙa ta kahin ka tashi?"

Ina jin kunyar faɗin wannan, amma na yi alkawarin gaskiya: mahaifina yana kwance a wannan hali, ni kuwa abin da ke raina shi ne kada in ji an ce Mammanu.

Baba ya buɗe ido. Ya juyo da kai wajen tabarmarmu, ya turo baki, ya ɗan ɗaga haɓa, kamar yadda ake nuna abu in ba a so a yi da hannu. Ya mayar da ido ya rufe. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Kun san halina. Bayan an share makoki na koma zauren, na shimfiɗa tabarmar inda take, na kwanta inda katifa take, na duba. Tsakanina da Mamman bai kai taƙi ɗaya ba, kuma daga wannan nisa baki ba ya bambance mutum biyu. Na tambayi Hedimasta, ya ce shi dai tsakaninmu ya ga an nuna. Na tambayi liman, ya ce lokacin yana duban ƙasa. Shaida ba ta cika ba. Da na ga haka, na ce abin da babu tabbas a kansa ba zan riƙe ba. Na ɗauki mabuɗin shago na hau mota zuwa Gummi.

Na tarar da Mamman a rumfarsa, ya buɗe cikin wata rediyo yana ƙona dalma. Na ajiye mabuɗi a kan benci, na zayyana masa binciken da na yi, da awon tabarma, da maganar shaidu. Na ce a bisa rinjayen zato shi aka nuna, tunda shi Baba yake yabo.

Ya ajiye ƙarfen hannunsa, ya kalle ni kamar rediyon da ta gagari gyara.

"Kai dai Lawali, digirin ga bai yi maka rana ba. Shekara nawa Baba shina kirana? Mamman, Mammanu, ɗan Gummi. Da ni na, da ya kira suna, ko da numhwashi guda yar rage mai. Duk duniyar ga mutum guda na Baba ka nunawa da baki."

Ya tura min mabuɗin ya koma kan rediyonsa.

Na zauna a bencin nan na daɗe. Na bi maganar daga farko zuwa ƙarshe ina neman inda zan karya ta, kamar yadda na saba, kuma a karo na farko a rayuwata na yi ta addu'ar kada in samu. Ban samu ba. Mamman bai dube ni ba, ya dai ƙara muryar wata rediyo da ke gefe, don kada maƙwabtan rumfa su ji abin da ba a so a ji daga namiji mai gemu.

Saboda haka a gyara labari: ni na zaɓa wa Goggo manhaja, kuma ni aka bar wa ita. Abin haushi ɗaya ne ya rage, ko wannan ma Mamman ne ya riga ni ganewa.

Allah ya jiƙan Baba Arzika, ya yafe masa, ya yafe min gajen haƙurina da shi. Ya sanyaya makwancinsa, ya sauƙaƙa masa hisabi. Ranar da za a tara bayi na gari, ya Allah, ka kira shi da sunansa. Amin.